Raken da Aka Ajiye a Ƙasa

A bazarar shekarar 1955 aka aiko daga Zariya cewa za a yi kwas na kwana goma a Makarfi don koyar da rubuta labari. Lokacin ana tsakiyar Yaƙi da Jahilci. Manya sun koyi karatun boko a gindin itatuwa, amma babu isassun littattafan da za su karanta. Saboda haka aka ce a tara mutum goma sha biyu daga Makarfi da Ikara da Kudan, shida waɗanda suka saba rubutu, shida sababbin hannu, a zaunar da su a makarantar elementare tun da yara suna hutu.

Dalhatu yana cikin waɗanda suka saba. Malamin makaranta ne a Kudan, shekarunsa ashirin da bakwai, kuma an riga an buga masa ɗan littafi guda, labarin wani manomi da ya kama hanyar Makka a ƙasa bai dawo ba. Kowa a garinsu Dandamisa ya san labarin ubansa ne, Maiwada, wanda ya fita Dalhatu yana ɗan shekara shida, daga baya aka ce ya rasu a hanyar gabas.

Dalhatu ne ya sa sunan Sambo cikin sababbin. Sambo tela ne a Dandamisa, ya girme shi da shekara huɗu, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tare suka taso, kwano ɗaya suke ci duk ranar da Dalhatu ya zo gida hutu. Bara waccan Sambo ya gama ajin manya.

"Ni da ko wasiƙa sai na yi gumi kafin in kai ƙarshenta?" in ji Sambo, ranar da aka gaya masa.

"Yaya Sambo, a bakin keken ɗinkinka mutane suke yini don su ji hirarka. Abin da kake faɗa da baki shi za ka sa a takarda, shi ke nan."

Haka suka taho, Dalhatu yana tuƙa basukur, Sambo yana baya rungume da tabarminsu.

Wanda aka turo ya koyar da su wani dattijo ne siriri, Malam Abdulwahabu, mai magana a hankali. Ya raba wa kowa littafin rubutu da fensir biyu. Da safe yakan karanta musu wani labari ya tambaye su inda ya yi daɗi da inda ya yi sanyi. Bayan azahar kowa ya nemi inuwa a gindin mangwaro ya yi nasa rubutun, da la'asar a kai wa malam, ya duba, ya mayar wa kowa nasa.

Kwana uku Sambo yana fama. Ran farko ya rubuta tatsuniyar kura. Ran biyu ya rubuta labarin wani ɓarawon akuya da ya ji a kasuwa. Ran uku ya sake rubuta na ɓarawon, ya mai da akuyar tunkiya. Malam Abdulwahabu ya kira shi gefe.

"Malam Sambo, labarin nan na ji shi a Zariya, na ji shi a Soba. Ba naka ba ne. Rubuta mini abin da ka gani da idonka, irin wanda har yau in ka tuna sai ka ajiye abin da ke hannunka."

Sambo ya ce, "Allah ya gafarta malam, wa zai karanta?"

"Ni mana, kamar kullum."

Ran huɗu bayan azahar Sambo ya yi nesa da sauran, ya jingina da bayan aji, ya fara. Bai ɗaga kai ba sai da aka kira la'asar. Shafi bakwai ya cika. Ya sake sunan mutumin ya ce Tukur, ya sake sunan gari, amma sauran duk yadda ya faru ya rubuta.

Ga abin da ya faru. Sambo yana ɗan shekara goma ubansa Iliyasu ya ce ya zo ya riƙe masa jaki, za su raka maƙwabcinsu Maiwada wanda zai tafi Makka. Mutanen gari suka fito suka yi addu'a. Da Maiwada zai hau jaki, ɗansa ƙarami ya rugo ya miƙa hannu a ɗauke shi. Maiwada bai ɗauke shi ba. Ya ja baya, ya fito da guntun rake daga aljihu, ya ajiye a ƙasa tsakaninsu, ya ce, "Ɗauka, ka koma wajen innarka." Da suka bar gari ba gabas suka nufa ba, kudu suka yi. A hanya Maiwada ya cire babbar rigarsa saboda zafi, sai Sambo ya ga jajayen tabo a bayansa da damatsansa. Kuturta ce ta kama shi, ya ɓoye ta shekara guda. Kwana biyu suna tafiya suka kai shi wani ƙauye da aka keɓe wa masu ciwon, gaba da Zariya kaɗan. A bakin ƙauyen Maiwada ya sa Iliyasu ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, don kada a guji 'ya'yansa, kada a hana 'yarsa Madina miji, kada a ce da ɗansa ɗan kuturu. Ya juyo ya dubi Sambo ya ce, "Kai ma." Sambo ya ce to.

Da ya miƙa wa malam littafin sai ya ji jikinsa ya yi sakayau, kamar wanda ya sauke buhu. Ya ci tuwo da yawa ran nan, har Dalhatu yana yi masa tsiya.

Washegari da safe Malam Abdulwahabu ya shigo da littattafan a hammata, ya ce yau za a sake tsari. An kai rabin kwas, yanzu kowane tsohon hannu zai karɓi aikin sabon hannu ɗaya ya gyara masa, don dalilin haɗa su ke nan. Ya fara rabawa. Da ya zo kan na Sambo fuskarsa ta washe.

"Wannan shi ne ya fi duk abin da aka rubuta a ɗakin nan tun da muka zauna. Malam Dalhatu, ku 'yan gari ɗaya ne, ka fi kowa sanin hannunsa. Gyara masa ƙa'idar rubutu kawai, kada ka taɓa labarin."

Sambo ya miƙe tsaye. Kowa ya juyo ya dube shi.

"Da magana ne?" in ji malam.

Sambo ya dubi littafinsa a hannun Dalhatu. In ya ce a dawo masa da littafin, sai an tambaye shi dalili a gaban mutum goma sha ɗaya. Dalhatu kuwa ya riga ya buɗe shafin farko, yana murmushi, yana fiƙe jan fensir. Sambo ya ce babu komai, ya zauna.

Daga bencinsa yana ganin gefen fuskar Dalhatu. A shafin farko fensirin yana ta aiki, nan a raba kalma, can a sa aya. A shafi na biyu hannun ya tsaya. Ya daɗe bai motsa ba. Sambo ya zaci zai tashi, ko ya juyo, amma bai yi ba. Ya ci gaba da gyara, layi bayan layi, har shafi na bakwai. Ya rufe littafin, ya ɗora hannu a kai, ya zauna yana kallon allo har aka tashi.

Bayan sun yi sallar azahar Dalhatu ya ce masa su je bayan makaranta. Akwai wata gonar rake a wurin da aka riga aka sare, sai kututture. Suka tsaya a kan kunya. Dalhatu ya buɗe shafi na biyu ya nuna masa wuri ɗaya da ya ja wa layi.

"Ka rubuta raken gaɓa uku ne. Huɗu ne. Ni na sha shi, na sani."

Sambo ya dubi layin da aka ja.

"Shekara ashirin da ɗaya ina tambayar kaina abin da na yi masa ran nan da ya ƙi ɗaukata. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko a littafina ban sa ba, cewa na yi ya ɗaga yaron sama." Ya rufe littafin. "Yana da rai?"

"Ya rasu."

"Yaushe?"

"Shekara tara ke nan. Da damina."

Dalhatu ya yi lissafi da leɓɓansa. "Shekara goma sha biyu ya yi a can ke nan. Ina makarantar Midil a Zariya yana da rai."

"Yana da rai."

"Tafiyar nawa ce daga makarantar?"

"Rabin yini a ƙasa."

"Ka koma wurinsa?"

"Sau biyu. Baba yakan kai masa hatsi kowace kaka, ya ce da mutane kasuwar Zariya zai tafi."

"Inna ta sani?"

"Ita take ɗaure kayan."

Dalhatu ya zauna a kan kunyar, cikin fararen tufafinsa. Bai yi kuka ba. Sambo ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Wallahi ban rubuta don ka gani ba. Malam ya ce shi kaɗai zai karanta. Rantsuwa aka sa ni, Dalhatu, ina yaro."

"Rantsuwar ta hana ka gaya mini, ba ta hana ka gaya wa baƙo daga Zariya ba." Ya ɗago ya dube shi. "Ranar da aka kawo littafina, a shagonka na karanta maka shi daga farko har ƙarshe. Ka ce ya yi kyau."

Ya miƙa masa littafin rubutun, ya tashi, ya je ya ɗauki basukur ɗinsa ya fita, ko tabarmarsa bai naɗe ba.

Sambo ya nemi izini wurin malam, ya ce rashin lafiya ce a gida, ya kama hanyar Dandamisa a ƙasa. Ya isa rana ta yi sanyi. Matarsa Ruƙayyatu ta tare shi a tsakar gida ta ce tun ɗazu ake jin kukan Inna Indo, uwar Dalhatu, ta katanga, amma ba a ji wanda ya mutu ba. Bai zauna ba aka aiko Inna Indo tana kira.

Ya same ta a zaure, ta lulluɓa, idanunta sun kumbura. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Ubanka ya riƙe maganar nan har ya shiga kabari da ita," in ji ta. "Ni na riƙe ta ina kwana ina tashi da yaron nan a ɗaki ɗaya. Kai kwana huɗu aka ba ka fensir."

"Inna, ki gafarce ni."

"Madina tana gidan miji da 'ya'ya biyar. In dangin mijinta suka ji fa? Ka tuna da ita lokacin da kake rubutawa?"

Bai tuna ba. Ya sunkuyar da kai.

Dalhatu ya fito daga cikin gida, ya tsaya a bakin ƙofa. "Gobe da safe za ka kai ni," ya ce. Ya koma ciki.

Suka shiga motar kaya zuwa Zariya, a kan buhunan barkono, atishawa ta hana kowa magana. Daga Zariya suka taka. Sambo yana gaba yana neman hanyar da ya manta, Dalhatu yana baya da tazara. Sun isa wajen la'asar. Ƙauyen ya sake. An gina ɗakin magani mai rufin kwano, bukkoki da yawa kuma babu kowa ciki. Wani ma'aikaci ya ce in mutumin da ne suke nema, su tambayi Ummuhani, ta fi kowa daɗewa.

Suka same ta tana shanya kuɓewa a kan tabarma, tana baza ta da tafin hannu don yatsunta sun gajarce. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo. Kafin Sambo ya faɗi abin da ya kawo su, ta ƙura wa Dalhatu ido.

"Ɗan Maiwada ne wannan. Tun daga can na ga tafiyar."

Ta sa suka zauna a kan turmi da wani kututture. Ta ce Maiwada mutum ne mai son noma, shi ya fara dasa rake a fadamar ƙauyen, kowa ya sha. Ta ce ya san kowane aji ɗansa ya ci, don Iliyasu yakan kawo masa labari tare da hatsi, shi kuma ya bi bukka bukka yana faɗa har mutane suka haddace.

"Bai taɓa cewa yana son ganina ba?" in ji Dalhatu.

"Sau ɗaya ya je. Da ya ji kana makarantar Zariya ya yi mako bai yi barci ba. Ya ari jaki ran wata Jumma'a, ya naɗe fuskarsa da rawani, ya je ya zauna a tsallaken hanya wajen masu tallar gyaɗa, lokacin da ake fito da ku zuwa masallaci. Ya dawo bai yi wa kowa magana ba. Sai bayan kwana biyu na tambaye shi ya gan ka? Ya ce, Ummuhani, sun fi ɗari, duk farar riga, duk jar hula. Ban san wane ne nawa ba."

Dalhatu ya kifa fuskarsa a kan gwiwoyinsa. A nan ne ya yi kukan, da ƙarfi, kafaɗunsa suna rawa. Sambo ya miƙa hannu zai dafa shi, ya janye jikinsa. Tsohuwar ta bar shi ya yi har ya gaji.

"Yanzu an kawo ƙwayar maganin ciwon," ta ce a hankali. "Ka ga bukkokin nan? Masu su sun warke sun koma gida. Da ya ƙara shekara biyar ko shida da ya same ta. Allah bai nufa ba."

Ta kai su maƙabarta a bayan gari. Ciyawa ta bushe a kai, ruwan damina tara ya baje kaburburan. Ta tsaya tana dubawa, ta nuna da haɓa. "Tsakanin kargon nan da wancan dutsen yake. Ban iya ce maka ga shi daidai ba." Dalhatu ya tsuguna a tsakiyar wurin ya yi addu'a mai tsawo. Sambo ya yi tasa daga baya.

Cikin dare suka koma Zariya suka kwana gidan wani abokin karatun Dalhatu, da safe suka sami mota. Sai da suka wuce rabin hanya Dalhatu ya yi magana, idonsa yana kan gonaki.

"Da ka gaya mini ina shekara goma sha biyar, da na zo a guje. Da na ce masa ga ni."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Kai ka gan shi sau uku."

A mararrabar Kudan Dalhatu ya buga jikin mota aka tsaya, ya sauka. Sambo ya wuce Makarfi shi kaɗai.

Ya samu saura kwana uku a rufe kwas. Malam Abdulwahabu ya ce masa yana so ya tafi da labarinsa Zariya a buga, za a karanta shi a ajin manya ko'ina, kuma zai sa masu ɓoye ciwon su fito tun da yanzu akwai magani. Sambo ya ce a yi haƙuri, ba nasa ba ne da zai bayar. Malam ya dube shi, ya dubi bencin Dalhatu da ba kowa, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ni na sa shi a hannunsa," ya ce.

"Malam bai sani ba. Ni na sani, na miƙe kuma na koma na zauna."

Ran rufewa aka raba takardun shaida, aka ɗauki hoto, mutum goma sha ɗaya da malam a tsakiya. Sambo ya karɓi takardar Dalhatu tare da tasa, ya naɗe tabarmar da ya bari, ya tafi Kudan ya kai masa. Ya yi sallama a ƙofar gidan malamai. Jamila matar Dalhatu, wadda ta saba aiko masa da fura tun kafin ya zauna, ta yi magana daga bayan zana ta ce maigidan ya ce a ajiye a zaure. Sambo ya ajiye. Ya zauna a dakali har inuwa ta juya, babu wanda ya fito. Ya tashi ya kama hanyar gida.

Maganar ba ta fita ba. Dangin mijin Madina ba su taɓa ji ba, mutanen Dandamisa kuma suka ci gaba da cewa Maiwada a hanyar Makka ya rasu. Abin da suka lura da shi kawai shi ne Dalhatu ya daina zama a shagon Sambo in ya zo gari, Inna Indo kuma ta koma kai ɗinkinta wurin wani tela a Makarfi. Aka yi ta tambayar Sambo abin da ya haɗa su, ya ce babu komai. Dalhatu ya rubuta wa Zariya ya roƙa kada a sake buga littafinsa in na hannu sun ƙare. Da aka buɗe makarantu bayan damina ya nemi a mai da shi Ikara, aka mai da shi, ya zo ya ɗauki uwarsa suka tafi tare.

Ranar da aka kwashe kayan Inna Indo, Sambo yana shago, yana jin ana fitar da tukwane ta bayan katanga. Ya ɗinka wuyan riga ɗaya sau uku yana farkewa. Da motar ta tashi ya fito bakin hanya. Dalhatu yana gaba kusa da direba. Ya ga Sambo, ya ɗaga masa hannu kaɗan, yadda ake ɗaga wa kowane mutumin gari, motar ta wuce.

Sambo ya shiga gida ya zauna a ƙofar ɗaki. Ruƙayyatu, wadda ya riga ya gaya wa komai, ta kawo masa ruwa, ta tsaya tana kallon katangar.

"An ce wani mai sayen barkono daga garin Taba ne zai shiga gidan," ta ce. "Yana da yara da yawa."

"To," in ji Sambo. Ya riƙe kwanon ruwan bai sha ba.